Mai Buga Takardu da Tsohuwar Laftof Ɗinta

Malam Ɗanjuma, tunda ka ce gobe ma za ka koma ƙofar surukinka aron injin ban ruwa, alhali naka na jingine a zaure, gyara kawai yake jira, zauna in ba ka misali.

Akwai wata mata mai buga wa mutane takardu a rumfar bakin kotu. Takardar koke, takardar shaida, yarjejeniyar sayar da gona, ita ake kai wa, don ba ta kuskuren suna. Da wannan sana'a take riƙe da 'ya'ya huɗu tun rasuwar mijinta. Laftof ɗinta ta shekara goma sha huɗu, rabin haruffan sun goge, murfin ma da salatif aka ɗaure shi. Da aka sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da ita, sai ta yi mata nauyi, a kunna ta a jira rabin awa kafin shafi ya buɗe. Maƙwabcinta a rumfar yana da sabuwa fil, ya ce ta riƙa aro in ba ya aiki da ita. Ta ara kwana shida. A na bakwai wani dattijo ya zo da koke kan gonarsa da ake shirin ƙwacewa, ana rufe karɓa da azahar. Tana tsakiyar layi maƙwabcin ya miƙo hannu ya rufe murfin, ya ce nasa mutumin ya iso. Dattijon ya tsaya da hula a hannu har aka kira salla, aka rufe ofis. Matar ta naɗe tsohuwar laftof ɗinta a mayafi ta nufi wurin mai gyara.

Mai gyara ya jujjuya ta ya ce, "Hajiya, wannan ta gama zamaninta. Akwai dai wata manhaja ta kyauta da ake sauko da asalin rubutunta, kwamfutar ta haɗa shi da kanta daidai ƙarfinta, kamar a kai wa tela yadi maimakon a sayi riga a kanti. Amma kwanaki take ci, kuma ba aikin irinku ba ne."

Ta ce, "Rubuta mini sunanta."

Ta sauko da littafin umarnin a kwamfutar, ta kwafe shi da biro a littafin makarantar 'yarta, don ta san in ta share kwamfutar ba inda za ta duba. Ta kwashe takardun mutane a ɗan filas na ajiyar bayanai, ta yi bismilla, ta share komai. Allo ya koma baƙi, sai ɗan ɗigo fari yana ƙiftawa. Ta riƙa buga umarni layi bayan layi. Duk abin da ba ta buƙata ta ce a bar shi, ba kiɗa, ba wasa, ba ado. Rubutu take so da hanyar tura shi zuwa firinta. Daga nan injin ya kama aiki, haruffa na gudu a allo kamar tururuwa. Ya yi zafi har ba ya taɓuwa, ta ɗora shi kan bulo biyu ta kafa masa fanka, ita tana zufa a gefe. Rana ta uku aka ɗauke wuta, batirin da ma ya daɗe da mutuwa, aikin ya tsaya cak. Ta samo batirin mota ta ci gaba. Rana ta biyar ta gano harafi ɗaya ta tsallake tun farko, dole a koma baya. Ta koma. A rumfa ana ta dariya, wai ta zauna gida tana jinyar gawa. Maƙwabcin ya aiko a ce mata ta daina wahalar da kanta, tasa na nan. Ta ce a gaishe shi, ta gode.

Rana ta tara ta kunna, kafin ta gyara zama shafi ya buɗe. Laftof ɗin ba ta zama sabuwa ba, Malam Ɗanjuma. Har yau ba ta nuna fim, hoto ma da ƙyar. Amma washegari matar ta shimfiɗa ta a teburinta, ta buga takarda goma sha tara kafin la'asar, kuma kowace ta kai ta ƙarshen layi ba wanda ya isa ya ɗora hannu a kan murfin. In kwamfutar ta yi gardama yanzu, ita ke buɗe ta ta gyara, don ta san abin da ta zuba a ciki.

To, ka tashi ka jawo injinka tsakar gida ka kwance shi. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.