Murmushin Mijinyawa

Bel ɗin na'urar koyon tafiya yana gudu a ƙarƙashin ƙafafunsa, shi kuwa Mijinyawa yana reto cikin ɗamara kamar buhun geron da aka ɗaga za a auna. Kakansa da ƙafa ya tako daga Kano da niyyar Makka, ya tsaya hutawa a garin nan, hutun da bai ƙare ba har ya haifi 'ya'ya goma sha ɗaya. Ga jikan yau, taku uku a kan roba sun gagare shi sai da igiya.

Wani mai babur ne ya kwashe shi a unguwar Moursal, ƙugu ya karye, a shekarar da ya yi niyyar ƙarasa tafiyar kakan nasa. Abdulgani, mai haɗa sunayen maniyyata a unguwarsu, ya ce ba zai rubuta shi ba sai ya kawo takardar likita cewa zai iya ɗawafi da ƙafarsa. Saura mako shida a rufe.

Wannan ne ya kai shi wani ƙaramin ɗakin gashin ƙashi a unguwar Abena, inda aka kafa na'urar da wasu Turawa suka bayar kyauta. Igiya tana riƙe mutum daga sama, a gabansa kuma ga agogo mai allura da ke nuna kashi nawa na nauyinsa igiyar ta ɗauke masa. Ranar farko allura ta nuna arba'in. Ba wanda ya yi masa bayani, shi ma bai nema ba. Shekara talatin yana auna hatsi a kasuwa, ya san allura ba ta ƙarya. Sai ta sauko sifili zai ga takarda.

Mai kula da shi Madam Balkissa ce, 'yar Damagaram, mace marar yawan magana. Kullum in ta ɗaure shi ta kunna bel, sai ta tsaya a gabansa.

"To Baba, yi mini murmushi."

Ya yi. Ta ƙura masa ido har tsawon lokaci, ta zaga bayansa ta taɓa wani abu, ta dawo ta sake kallonsa. Ko sau ɗaya bai ga ta dubi agogon ba.

To, Mijinyawa yana da wushirya. Marigayiya matarsa takan ce ita ta aura, sauran jikin gyara aka ba ta. Da ya ga mako biyu sun shuɗe allura tana nan a arba'in, sai ya zauna ya yi tunani irin na manya. Ƙafa ta ƙi, amma ga ƙofa Allah ya buɗe. Baiwar Allah nan ta kasa ɗauke ido daga fuskarsa. "Baba" ɗin da take ce masa kuwa, ai kunya ce irin ta mutanen Nijar.

Ya daina cin goro. Ya kama asuwaki safe da yamma har dasashi ya yi tsami. Ya je wurin amininsa Mudi mai shayi, ya gwada masa murmushi iri biyu, ya ce ya zaɓa.

Mudi ya duba da kyau. "Na farkon na mai neman ragi ne. Na biyun na wanda ya taka garwashi a gaban surukai."

"Hassada ce. Kai haƙoranka nawa suka rage?"

Ya zaɓi na biyun.

Aiki kuwa sai ƙara wuya yake. Ƙugun yana zafi kamar ana soka masa tsinke, gumi yana jiƙa masa riga, amma duk sanda ta ce ya yi murmushi sai ya buɗe mata shi gaba ɗaya, ya riƙe shi kamar mai riƙe tire a ka. Ɗamarar ma ta fara yi masa yawa. Ya ce a ransa ramar soyayya ce, ko da yake ita ce ya kamata ta rame.

Mako na biyar, allura arba'in. Mako na shida, arba'in. Ran Alhamis, ana gobe rufewa, ya sa babbar rigarsa, ya shafa turare, ya shirya kalmomin roƙo tun daga gida. Ya san abin da zai nema bai dace ba, mai niyyar ɗakin Allah yana sayen takarda da haƙori. Ya yi istigfari a cikin mota, ya kuma gyara hula.

Bai kai ga buɗe baki ba ta miƙo masa takardar, an sa hannu, an buga hatimi.

"Allah ya karɓa, Baba. Ka sa mu a addu'a."

Ya karɓa, rabi murna, rabi tausayinta. Yarinya ta sa aikinta a haɗari saboda shi. Ya ƙudura in ya dawo zai aika Mudi ya ji ko tana da miji.

A bakin ƙofa ya juyo don ya bar mata murmushin ban kwana. Sai ya ga tana ɗaure wata tsohuwa, Inno mai ƙosai, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya a baki.

"To Inna, yi mini murmushi," in ji Balkissa. "Kada ki damu da agogon nan, a mace aka kawo shi, ko ba kowa a ciki arba'in yake nunawa. Fuska nake dubawa: in murmushi ya karkace na san ƙafa ta ji zafi, in ya tsaya daidai sai in sassauta igiya. Kin ga Baba can? Nasa ko kyau babu, amma bai taɓa karkacewa ba, mako uku ke nan igiyar ba ta ɗauke da komai sai rigarsa."