Jikan Bature a Bunkure

Ranar kasuwar Bunkure Mudassiru ya sayar da injin ban-ruwansa, ga tumatir yana tsaka da fure. Ya ce shi da taɓon gona sun yi hannun riga. Italiya za shi, kuma ba ta teku ba, ta ƙofar gaba.

A waya ya ga wai wanda kakansa ɗan Italiya ne yana iya neman fasfo na biyu. Shi kuwa kowa ya san marigayi mahaifinsa da Ibrahimu Na-Bature. Baturen ma sananne ne, wani injiniya ɗan Italiya da ya zauna a ƙauyen lokacin haƙa magudanan ruwa. Kakarsa Iyatu da bakinta takan ce game da Ibrahimu, "Wannan ai ba namu ba ne, na Bature ne."

Gaskiya Ibrahimu baƙi ne wuluk, amma Mudassiru ya ce jinin uwa ne ya rinjaya. Hudar da ke kunnen Ibrahimun kuwa, ai Turawa na sa ɗankunne. Kuma duk 'ya'yan da Iyatu ta haifa kafinsa tun a zanen goyo suka koma, shi kaɗai ya rayu. In ba ƙarfin jinin Bature ba, mene ne?

Ya bi tsofaffi ya tono sunan injiniyan, ya koyi gaisuwar Italiyanci yana damun mai shayi da ita. Tumatir kuwa ya fara yaushi, ko a jikinsa.

Saura abu ɗaya. Dillalin takardu a Kano ya ce sai an kawo bidiyon shaidar tsohuwa. Nan fa kunya ta kama shi, don ba a yi wa kaka irin wannan tambayar. Amma injin ya riga ya tafi.

Ya same ta a tsakar gida tana yanka tumatir na shanya. Ya saita waya, ya sunkuyar da kai.

"Iya, ki yi haƙuri... da gaske Baba na Baturen nan ne?"

"Ƙwarai. A bakin ruwa aka yi, gaban jama'a. Kakanka ma yana tsaye."

Mudassiru ya ɗago kai da sauri, ita kuwa ta ci gaba da bayani.

"Wabi nake yi, duk wanda na haifa sai ya koma. Tsofaffi suka ce a huda kunnen wannan a sayar wa baƙo, mutuwa ta ɗauka ba namu ba ne. Bature ya zo wucewa, kakanka ya tsayar da shi, Baturen ya sayi babanka da gwangwanin kifi ɗaya, ya bar mana riƙo."