Jan Layi Na Biyu

"Miƙe sosai, Mamana, ɗaga kai," in ji wani direban mota, yana jingina 'yarsa da allon awon tsawo a ƙofar jirgin lilo.

Rabonsa da ita tun rabuwarsa da uwarta. A nan ta taɓa shan kuka don kanta bai kai jan layi ba, ya yi mata alkawarin baɗi. Baɗi ta yi ta komawa baɗi.

Mai tsaron ƙofa ya girgiza kai. "Malam, layin biyu ne. Ta wuce na sama, wannan na ƙanana ne."

Direban ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kada ka damu, ai na hau tuni," ta ce a hankali. "Baba ya kawo ni."

Ba shi take nufi ba.