Gyambon Jaki

Dillalin masu sayen fatar jaki ya shafa bayan dabbar, ya yi murmushi. "Baba, wa ya yi wannan aiki?"

Tsohon mai jakin ya dubi inda gyambon ya warke. Shekara uku dillalin yana raina jakin saboda gyambon da mangalar taki ta yi masa. Sai bara 'yan ƙungiyar kare dabbobi suka zo ƙauyen, suka wanke ciwon, suka koya wa tsohon ɗinka akumari mai laushi. Har hoto suka yi musu tare.

Bana gero bai yi ba. Rumbu wayam, ga jikoki bakwai.

"Da gyambon nan bai warke ba, wallahi ko kyauta ba na so," in ji dillalin, yana kwance igiya daga turke.

Tsohon ya kau da kai. Ashe ciwon ne yake gadin jakin.