Babban Kifin Ma'azu

"Sai da muka yi kokawa kafin na fito da shi!" in ji Ma'azu, yana ɗaga ƙaton kifi a gaban surukinsa da ya zo daga Argungu.

Gaskiyar magana, ya kwana a tanti bakin tafkin Fayyum, amma ko kifi ɗaya bai kula ƙugiyarsa ba. Da zai dawo sai ya ratse wurin Ammu Sabri, mai kifin layinsu a Giza.

Surukin ya jinjina kai, ya yaba.

A kicin matarsa Ummul-Khairi ta karɓi kifin tana murmushi.

"Tamam, Malam, Ammu Sabri ya cika alkawari. Tun jiya na ce ya ajiye maka babba. Wanda ka kamo bara ƙarami ne, har kunya na ji."