Ina Ƙafafunta?

Kwantenar 'yar kasuwar ta riga ta bar tashar jirgin ruwa ta Huangpu a China da talabijin ɗari biyu lokacin da mai shagon da ta saya a wurinsa ya kunna mata ɗaya irinsu. Fim ɗin Japan ne: wata mace cikin fararen kaya tana ƙetare gada, amma daga gwiwarta zuwa ƙasa babu komai.

Jarinta na shekara tara na kan teku, ashe talabijin masu cinye ƙasan hoto ta saya.

"Laoban," ta kira shi, wato maigida da Sinanci, "ina ƙafafunta?"

Kafin ya amsa, wani mayaƙin samurai ya shigo cikin fim ɗin da takobi, ƙafafunsa biyu cif, har yatsu ana gani.

"Fatalwa ce," in ji mai shagon. "Ta Japan ba ta da ƙafa."

Ta zauna kan kwali, ta yi ajiyar zuciya. A garinsu Maraɗi ko aljana tana da kofato. Ba ta taɓa murnar ganin fatalwa ba sai yau.