Inabi Mai Lamba Sittin da Huɗu

Tukur, rufe kwamfutar nan tukuna, ka jawo kujera. Na ga sakamakonka, na kuma ga bakinka ya ƙi rufuwa. Ni kam tsufa ya gajiyar da ni da murnar wuri, saboda haka saurari wani misali kafin ka shaida wa duniya.

An yi wata mata da ta je koyon bincike a wata gonar gwaji can arewa, inda rana ba ta da kara. Aikinta a baki mai sauƙi ne. A dasa inabi iri-iri har tushe ɗari biyu, a shayar da su su kama ƙasa, in bazara ta tsaya a yanke musu ruwa, a ga wanda zai jure. Wanda ya jure, sai a bi ƙwayoyin halittarsa a gano abin da ya gada har fari ya kasa shi, don a sama wa manoma irin da zai rayu. Shekara uku aka ɗibar mata, digirinta kuma a kan wannan ya rataya. Ta bar 'ya'yanta biyu wajen mahaifiyarta, ta tare a can. Kullum ƙarfe takwas tana gona da littafinta, tana auna ganye, tana rubutu, kafin azahar ta gudu ɗakin gwaji saboda zafi. A bakin gonar akwai wani tsoho mai gadi, da 'yar rumfarsa da butarsa. Gaisuwarsu ba ta wuce "Baba, ina kwana," tana faɗa tana tafiya.

Da aka yanke ruwa, inabin nan suka shiga yanƙwanewa layi-layi, har gonar ta koma abin tausayi. Sai guda ɗaya tak, mai lamba sittin da huɗu, can kusurwa, yana nan kore shar kamar ba a ƙasar yake ba. Bazara ta biyu ma haka. Kai, ranar da ta tabbatar har kuka ta yi don daɗi! Ta tsinki ganyensa, ta niƙa, ta tace, ta ba na'ura. Wata goma sha huɗu tana sunkuye tana kwatanta ƙwayoyinsa da na 'yan'uwansa da suka mutu, har idonta ya koma sai da tabarau. Sallah biyu ba ta je gida ba, autarta ta fara tafiya ba ta gani ba. Ta sami 'yan bambance-bambance, ta riƙe su gam, ta rubuta babi huɗu. Sai malaminta ya ce a yanki rassan a dasa a wata gona a sake gwadawa. Aka dasa arba'in, suka kama, aka yanke ruwa. Ko ɗaya bai kai labari ba.

Ta dawo gonar farko, ta zauna a ƙasa tana kallon sittin da huɗu. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya magani. Ran nan ba ta gudu ba, don ba ta ga abin da za ta je yi a ɗakin gwajin ba. Tana nan aka kira azahar. Sai ga tsohon nan ya taho da butarsa, ya zauna a kan wani dutse daidai gindin inabin, ya nannaɗe hannun riga, ya yi alwalarsa a tsanake. Da ya gama, ya juye ragowar ruwan a gindin, har da shafa ganyen.

Ta ce, "Baba, tun yaushe kake alwala a nan?"

Ya ce, "Ai tun randa kuka rufe famfo, 'yar nan. Sau biyar kullum, ban taɓa fashi ba. Na ga kun hana bayin Allah ruwa, ni kuwa ba ni da ƙarfin ɗari biyu, na ce ko ɗaya ne in tsirar. Ruwan alwala kuma ai bai kamata ya tafi a banza ba, ga mai ƙishirwa a kusa."

Ta ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Tsoho ya dube ta da mamaki. "Ai ba ki taɓa tambayata ba. Kullum sauri kike."

To ka ji. Wa za ta kama da laifi? Shi lada ya nema, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ƙishirwar nan da gangan ake yinta. Ruwan asuba kafin takwas rana ta shanye sawunsa, sauran huɗun kuwa ita ba ta gonar. Ta tambayi ganye, ta tambayi na'ura, ta tambayi littattafan ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba, amma mutumin da ke wuni da inabin nan ko sunansa ba ta sani ba. Ta rufe littafinta, ta ce masa Allah ya ba da lada. Shekara ukun nan kuwa sun tafi, sai da ta sake dashe daga fari.

Saboda haka, Tukur, wannan layin naka da ya ƙi bushewa, ban ce ƙarya ne ba. Amma gobe ka bar takardun nan a ofis, ka sayi goro, ka je ka wuni a rumfar mai gadinku har magariba. Hausawa ba su faɗa a banza ba: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.